Akwatin Bakin Lungu

Idan aka tambayi mace a cikin birnin Kano 'yar ina ce, unguwar ubanta take faɗa. Ko ta tsufa a gidan miji, ko ta aurar da 'ya'ya a can, amsar ba ta canjawa. Ni ma haka nake. A gindin Dala nake aure, a nan na yi goyo, a nan furfura ta same ni, amma da an ce mini "'Yar ina ce ke?" sai in ji bakina ya ce wajen Ƙofar Nassarawa, gidan maƙera. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da ruwan kwata ya fara cin bangon ɗakina.

Lungunmu siriri ne, a daidaita sahu ba ya shiga, sai dai ya sauke mutum a baki ya ƙarasa da ƙafa. Gidajen ƙasa ne yawanci, wasu an shafe su da siminti ta waje. Da damina duk ruwan da ya gangaro daga wajen dutse ta nan yake bi ya fita titi. Da can akwai kwata a tsakiya, haƙar hannu tun ta kakanni, amma ta zaizaye, bakinta ya rufta, ruwa ya bar tsakiya ya koma bin gindin katanga. Katangar da ya fi so kuwa ita ce tamu, kuma ita ce bayan ɗakin da nake kwana da jikokina biyu da nake riƙo.

Da farko danshi ne kawai. Daga baya yaɓe ya fara zubowa. Maigidana, wanda nake kira Malam, hula yake ɗinkawa, ba mai ƙarfi ba ne, amma duk rani sai ya kira magini an toshe, duk damina ruwa ya kwashe. Akwai shekarar da katangar wani gida a ƙasan lungu ta faɗi da rana tsaka ta danne awaki. Tun daga ranar, in hadari ya haɗo, sai in tsinci kaina ina shafa bango da tafin hannu, ina auna inda sanyinsa ya kai.

Maza sun yi iyakar yinsu. Sun yi gayya, sun yashe, sun jera buhunan ƙasa. Mai unguwa ya zo ya duba da kansa, ya ce wannan ya fi ƙarfin gayya, gini ake so na siminti tun daga sama har titi, kuma aikin hukuma ne. Aka kai kuka, aka ce an ji. Shiru.

A nan dole in faɗi yadda mu matan lungu muke yin zaɓe a lokacin, don a gane abin da ya biyo baya. Rajistar farko da na yi, ina gida wanka ta same ni. Masu rajista sun zauna a rumfar da ke jikin maƙerar mahaifina, na fito da jaririya a baya aka rubuta ni. Daga nan duk sanda aka ce a sabunta kati, can nake komawa, don a wajena can ne akwatinmu. Akwati shi ne abin da muke kiran wurin da mutum yake jefa ƙuri'arsa. Sauran matan lungu ma kusan duk haka ne, tunda aure ne ya kawo mu, kowace da gidan ubanta. Mazanmu kuwa a firamaren da ke bakin lungu suke nasu.

Da yake ranar zaɓe ana hana ababen hawa yawo, tun ana gobe muke ɗaure kaya mu kwashi yara. Matar aure ba ta cika samun kwana a gidansu ba in ba biki ko haihuwa ko rasuwa ba, amma wannan kwanan babu mijin da yake musu a kansa, ai aikin ƙasa ne. Lungu ya yi tsit, ba ƙarar turmi ba hayaƙin murhu. Malam yakan raka ni zaure yana cewa, "To, zaɓe ya zo, mu kuma garin kwaki ya kama mu."

Ni 'yar fari ce, don haka Innata ba ta faɗar sunana, ba ta kuma nuna ta yi murna da zuwana. "Ke ce?" shi ne duk marabar da nake samu. Amma zan tarar an jiƙa tsaki, an tsinke zogale, dambu yana jiran a turara. Da safe ni nake riƙe hannunta zuwa layi, don idonta ya yi rauni. Bayan rasuwar mahaifina ma ba mu fasa ba. Ƙanena yana zuga wuta a gefe, mu muna layi a inuwar rumfar da na yi wasan ƙasa a cikinta. Ban san wata rana a shekara da ta fi mini wannan daɗi ba, in aka cire salla.

Wadda ta fara cewa mu mata mu je wajen kansila da kanmu ita ce maƙwabciyata mai kitso. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Yar marina ce daga wajen Ƙofar Mata, ga baki ga dariya, takan kira ni 'yar gawayi in kira ta mai baƙin hannu. Ta ce, "Mazan nan in sun je gaisuwa suke yi su dawo. Tashi mu je mu yi masa kuka irin namu."

Muka nemi izini, muka tafi da hantsi, mu wajen goma. Kansilan yaro ne ɗan unguwa, wasunmu sun san shi tun yana tallan rake. Da ya gan mu sai ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma.

"Iyayena, da kun aiko ai ni zan zo."

"Mun aiko, Onarabul," in ji mai kitso. "Ruwa ne ya tafi da ɗan aiken."

Ya yi dariya, ya ce ya san kwatar, ya sha tsallake ta. Ya saurare mu har muka gama, bai katse kowa ba. Sannan ya ce, "Lungunku a mazaɓata yake, wannan babu musu. Amma bari in gaya muku abin da yake faruwa in na shiga wajen ciyaman. Kowane kansila da nasa kukan, aiki kuma kaɗan ne. Abin da ake dubawa shi ne ina jama'a suka fi yawa. Akwatin bakin lungunku ba shi da nauyi. Wanda bai san wurin ba sai ya ɗauka 'yan gidaje ne."

"'Yan gidaje?" in ji mai kitso. "Gidanmu kaɗai in aka sauke tukunya sai ka ce suna ake."

"Hajiya, ke a ina kike dangwalawa?"

"Ƙofar Mata mana."

Ya juyo gare ni. "Umma fa?"

Na faɗa masa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce wajen Ƙofar Dawanau, waccan ta ce bayan kasuwa, wata ma wajen gari. A cikinmu mace ɗaya ce take jefawa a firamare, ita ma don a lungun aka haife ta aka kuma aurar da ita a ciki.

"To kun gani," ya ce. "Kwatar tana mazaɓata, ƙuri'unku suna mazaɓun wasu."

Ni ba mai magana ba ce a cikin taro, amma abin ya tsaya mini. Na ce, "Ɗan nan, ai ko wanda bai taɓa zaɓe ba katanga tana iya faɗo masa."

"Gaskiya ne, Umma, kuma zan sake kai kukan. Ina gaya muku yadda ake auna abin ne, ba yadda ya kamata a auna shi ba."

A hanya mai kitso ta yi ta faɗa. Wai wato sai an zaɓe shi sannan ruwa zai san hanyarsa. Ni dai ban ji daɗin maganarsa ba, amma ban ji ƙarya a cikinta ba. Abin da ya dame ni shi ne wannan kalma da ya yi ta maimaitawa. Ina jin ta a rediyo kullum, mazaɓa kaza, mazaɓa kaza, ban taɓa tsayawa na tambayi ina ta fara ina ta ƙare ba.

A lokacin ina makarantar yaƙi da jahilci. Da autana ya shiga sakandare na ga hannuna ya ɗan yi sauƙi, sai na shiga, ni da mai kitso. A wannan firamaren ta bakin lungu muke zama bayan la'asar, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malamarmu sa'ar 'yata ta biyu ce, mai haƙuri, ba ta taɓa ɗaga mana murya ba. Ranar da muka koma na roƙe ta ta ajiye darasin da ta zo da shi ta yi mana bayanin mazaɓa.

Ta ɗauki alli. Ta ce mu tuna jeren kwanonin da ake yi wa amarya, ƙarami cikin babba, babba cikin wanda ya fi shi. Mafi ƙanƙanta shi ne akwati, wasu su ce rumfa. Akwatuna da yawa in aka haɗa su su ne mazaɓar kansila, wadda tsofaffi suka fi kira gunduma. Waɗannan in suka taru sun zama ƙaramar hukuma, ta ciyaman ke nan. Ɗan majalisar jiha yana da tasa mazaɓar, na tarayya da tasa, ta sanata ta fi duka faɗi. Ta ce ƙuri'ar mutum daga akwatinsa take tashi ta yi ta hawa, kuma duk inda ta je da sunan wannan akwatin take tafiya.

Wata ta tambaya, "Mai unguwa fa, a wane kwano yake?"

Malama ta ce wannan jeren daban ne, na sarauta, ba a zaɓensa da ƙuri'a. Ta ce shi ya sa iyakar unguwa da iyakar mazaɓa ba lallai su zo ɗaya ba. Sai a ranar na san cewa gidan mahaifina da gidan mijina ba mazaɓa kaɗai suka bambanta ba, har ƙaramar hukuma ba ɗaya ba ce. Ashe duk shekarun nan kansilan wasu da ciyaman ɗin wasu nake ta zaɓa, mutanen da ba su da hurumin taɓa ko buhun ƙasa a lunguna.

Ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, ta ce in tashi in karanta. A lokacin karatuna bai nuna ba, gaɓa-gaɓa nake bi. Na ce ma, za, ɓa, sannan na haɗa. Aji ya fashe da dariya. Na faɗe ta ne da wata irin murya, irin yadda muke cewa maƙera in muna nufin su Baba da ƙannensa.

"Umma, a miƙe ake faɗa," in ji Malama. "Wuri ne."

Na ji kunya, amma na ce, "Malama, a gidanmu maƙera mutane ne, maƙera kuma wurin da suke aiki. In mutanen ake nufi murya takan faɗa a tsakiya ta sake tashi, in wurin ne ta tafi a miƙe. A boko yaya ake raba su?"

Ta rubuta su biyun a allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Babu bambanci ko na ɗigo.

"Mu ma haka ne," in ji mai kitso. "Marina suna marina. 'Yar gawayi yau ta yi kai."

Malama ta ɗan tsaya tana kallon allo, ta ce boko ba ya raba su, kunne ne yake rabawa. Ta ce karatuna ma yana da hanya: mazaɓi, mazaɓiya, mazaɓa. Sai dai ba a saba faɗar haka ba, a rediyo masu zaɓe ake cewa, ko masu kaɗa ƙuri'a. Ta ce kuma ma'anar ɗaya ce, duk mutanen da suka isa zaɓe aka rubuta su a wuri guda, su ne jama'ar da wanda ya ci zai amsa wa.

Da na dawo gida ina tankaɗe ina juya abin. Na tuna wata maƙera a unguwarmu da masu ita suka watse, wasu suka koma walda wasu kasuwa. Rumfar tana nan, uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta tana nan a kafe, amma in yaro ya tambayi hanya ba wanda yake ce masa ya bi ta maƙera, sai dai a ce ta kangon nan. Lungunmu yana cikin mazaɓa, an zana shi, an san iyakarsa. Mutanen ne muke kwashe kanmu mu kai wa wasu duk ranar da za a ƙirga.

Malama ce ta gaya mana ana iya canja akwati, kuma a 'yan watannin nan an buɗe rajista, in an rufe sai wani jiƙon. Na fara yi wa mata maganar a gidan suna da wajen ɗiban ruwa, a hankali, yadda na iya. Ban sha da daɗi ba. Wata ta ce mini, "Yaya, kwana ɗaya tal da nake samu a ɗakin uwata, shi za ki raba ni da shi saboda kwata?" Ni ma abin da yake raina ke nan.

Mai kitso, wadda ta fi kowa faɗa ranar da muka je wajen kansila, ita ta fi kowa ɗaukar abin da zafi. Duk wadda ta zauna a gabanta sai ta ji wa'azin akwati tun daga tsifa har tufka. Na ce mata ta dinga sassautawa. Ta ce, "Kan mace yana tsakanin gwiwoyina, rabi a kitse rabi a tsefe, ina za ta?" Da haka mata suka fara tafiya ofishin zaɓe, bibbiyu, uku-uku. Wasu sun ƙi, kuma har yau ban ga laifinsu ba.

Ni da na tayar da maganar, ni ce ban je ba. Yau in ce wanki, gobe in ce ƙafa. Damina ta kawo kai, an fara jin ƙamshin ƙasa daga gabas, rajista kuma tana shirin rufewa. Wata safiya mai kitso ta leƙo ta saman katanga.

"Malamar mazaɓa, ina sabon katinki?"

"Zan je."

"Tsoron Inna kike."

Ban musa ba. Malam yana zaure yana jin mu. Da na kai masa koko ya ce, "Ki je ki gaya mata da bakinki. Kada ta ji a wajen wani."

Na je ranar wata Juma'a. Na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka gaisa, na karɓi faifan ina taya ta. Na yi ta kewaye-kewaye, na ba ta labarin bango, na ba ta labarin kansila, har kwanonin Malama sai da na jera mata. Daga ƙarshe na ce, "Inna, so nake in mayar da katina can. In na mayar, ranar zaɓe ba zan zo ba."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Wa ya ce ki dinga zuwa dama?"

Na san halinta, amma maganar ta soke ni. Na ce, "Wa zai riƙe ki zuwa layi?"

"Matar ƙanenki ba ta da hannu ne?" Ta tura ɓawon gefe da bayan yatsu. "Ke wannan, ni a gidan nan aka haife ni?"

"A'a."

"Daga ina aka kawo ni?"

"Ƙofar Dawanau."

"Tun da kika yi wayo, kin taɓa ganin na ɗaura kaya na tafi Ƙofar Dawanau dangwale?"

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. A idona Inna da gidan maƙera abu ɗaya ne, na manta ita ma kawo ta aka yi.

"Inda ruwa yake zubo mini, nan nake jefa tawa," ta ce. "Ku ne 'yan yanzu da son gida. Ina ganinki kina zuwa da yara da ƙullin kaya, na ce wannan ba zaɓe ya kawo ta ba, dambu ne."

Na yi dariya har da hawaye, ita kuwa ko murmushi. Da zan tafi ta ƙulle gyaɗar duka a leda ta ce in kai wa yara. Har na kai zaure na ji muryarta: "A janye musu shimfiɗa daga jikin bangon nan." Wannan ita ce magana mafi taushi da na taɓa ji daga bakinta a kaina.

Mai kitso ce ta raka ni ofishin, ko da yake ita ta gama nata. Zuwan farko na'ura ta ƙi aiki, aka ce mu dawo. Da muka koma muka sha layi har azahar. Da na isa gaban ma'aikacin, bai ɗago ba ya ce, "Wace unguwa?"

"Wajen Ƙofar Nassa..."

Mai kitso ta mintsine ni a cinya.

Ma'aikacin ya ɗago yana murmushi, da alama ba ni ce ta farko ba. "Ba inda aka haife ki ba, Hajiya. Inda kike kwana."

Na faɗi sunan lungunmu da na firamaren. A bakina ya yi wani iri, kamar na sa takalmin wani. Da ya juyo da na'urar ya ce in duba ko daidai ne, na karanta da kaina, gaɓa-gaɓa, bai gaggauta ni ba.

Wannan daminar a ɗakin tsakar gida muka yi ta, ni da jikokina, tare da buhunan hatsi. Malam ya sa aka tokare bangon da azara ta ciki. Ya tsage daga sama, amma bai faɗi ba.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso muka fara ganin abin da ba mu taɓa gani ba. Da can 'yan takara a bakin titi suke tsayawa da lasifika su wuce. Wannan karon suka shigo har ciki, suna tattare babbar riga suna tsallake ruwa, suna sallama gida-gida a ce ana gaida iyaye mata. Ban san wa ya gaya musu ba, amma labari ya kai. Wani ya aiko da sabulu a raba. Mai kitso ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce mun gode. Ka kuma ce masa sabulu ba ya tare ruwa, siminti muke nema." Duk wanda ya shigo, kafin ya buɗe baki an nuna masa kwata.

Ranar zaɓe na tashi a ɗakina, abin da ban taɓa yi ba. Na dama koko, na ba Malam, ya ce wannan zaɓe ya yi albarka tun ba a fara ba. Raina yana gidanmu, ba zan ɓoye ba. Ina sa hijabi ina tunanin yanzu ana turara dambu ko an fasa.

Da na fito sai na tsaya. Layin mata ya cika harabar makarantar, ya fito ta ƙofa, ya lanƙwaso cikin lungu. Na ƙarshensa suna tsaye ƙafa ɗaya a wannan gefen kwata ɗaya a wancan. Ga masu goyo, ga tsofaffi a kan kujerar tsugunno, ga amaren bana da lalle bai gama fita ba. Layin maza kuwa ɗan guntu, kamar yadda ya saba. Wani dattijo ya dube mu ya ce, "Ikon Allah, duk a lungun nan kuke?" Wata daga baya ta ce, "Baba, shekara nawa muna dafa maka tuwo ba ka san da mu ba?"

A ajin da nake koyon karatu aka ajiye akwatin. Na dangwala, na ninke, na jefa. Wanda na zaɓa kuwa, ko Malam bai tambaye ni ba.

Bayan la'asar aka zazzage akwatin a kan tebur a gaban kowa. Ban taɓa ganin ƙirga ba, don a gidanmu da mun jefa muke komawa ciki hira. Ma'aikacin yana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya yana faɗar jam'iyya, jama'a suna amsawa. Ƙuri'unmu ba wuri ɗaya suka tafi ba, sun rabu, mai kitso ma na san ba abin da na zaɓa ta zaɓa ba. Amma tarin da ke kan teburin nan, ko wakilan 'yan takara sai da suka kalli juna. Ina tsaye a bayan taga ina kallon takardun nan, na san a cikinsu akwai ta wadda ta ce mini ba za ta bar ɗakin uwarta ba, don na gan ta a layi, ta kau da kai.

Washegari na je gida da rana. Inna ta ce matar ƙanena sauri gare ta kamar ana korar ta, ta kusa kayar da ita a bakin rumfa. Ba ta tambaye ni yadda namu ya kasance ba. Ni na ba ta labari, tana ji tana jan carbi. Kafin magariba na kama hanya, tunda yanzu ba ni da dalilin kwana.

Wani ne daban ya ci kansila, ba wancan yaron ba. Aiki bai zo da wuri ba. Mun koma wajen sabon har ƙafarmu ta san gidansa, sai dai yanzu ba mai tambayarmu a ina muke dangwalawa. Sai da wata daminar ta sake wucewa a kanmu, tsagar bangon ta kai inda hannu yake shiga. Da rani ya tsaya aka wayi gari an juye yashi da tsakuwa a bakin lungu, masu baro suna shigowa da su. Aka haƙa, aka kafa katako, aka zuba kankare tun daga sama. Mu muka dinga ba ma'aikatan ruwa da kunu. Ginin ya wuce ƙofarmu, ya wuce ta mai kitso, sannan ya tsaya, aka ce abin da aka ware ya ƙare. Gidajen ƙasan lungu ba su samu ba.

Malam ya sa aka rushe bayan ɗakin aka tayar da sabo. Ruwan farko da aka yi bayan nan da rana ya sauko, mai ƙarfi. Na tsaya a bakin zaure da mayafi a ka. Ruwan ya taho daga sama ja wur, ya shiga kwata ya wuce ta gabana da gudu, bai ko shinshini katangarmu ba. Can ƙasa, inda siminti ya ƙare, na hango ya bazu yana neman gindin gidajen mutane, mata sun fito da kwano suna kwalfewa.

Da aka ɗauke, biyu daga cikinsu suka shigo, zanensu a jiƙe har gwiwa. Suka ce za su wajen kansila ranar Asabar, ko za mu raka su, tunda mu namu ya yi.

Mai kitso ta amsa ta saman katanga kafin in buɗe baki. "Wane irin namu? Akwati ɗaya muke. Ku dai ku zo da wuri, mutumin nan da ya karya yake ficewa."